Godiya bayan an sallamo Baba, har da ta wani likita da bai san da mu ba

Assalamu alaikum. Ranar Alhamis aka sallamo Baba daga asibiti bayan kwana 19, alhamdu lillahi. Aikin da aka yi masa a ƙugu ya yi kyau, yana takawa da ƙarfen dogarawa daga ɗaki zuwa tsakar gida, jiya ma har ya yi wa jikokinsa faɗa a kan sun bar famfo a buɗe. Umma ta ce in rubuta godiya a madadin gidan, don waɗanda suka yi mana ɗawainiya sun fi ƙarfin a bi su gida-gida.

Abin da yawancinku kuka ji shi ne Baba ya faɗo daga gado ya karye. Haka ne, amma faɗuwar tana da tarihi, kuma Baba da kansa ya ce in faɗa. Kusan shekara takwas ke nan yana faɗa cikin barci. Ba magagi irin na yara nake nufi ba. Naushi ne da shuri da ihun "ɓarawo!", galibi can gabanin asuba, ido a rufe. Mutumin da ya shekara arba'in a kan keken ɗinki bai taɓa ɗaga wa yaron shago hannu ba. In an tashe shi sai ya farka tangaran, ya ba ka labarin mafarkin daga farko har ƙarshe, sannan ya ga ɓarnar da ya yi, ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Saboda haka godiya ta farko ta Umma ce. Akwai safiyar da ta fito da kumburarren ido ta ce ƙofa ce ta buge ta. A makon aka yi wani suna a dangi, kuma na san abin da aka tattauna a bayan idonta. Wasu suka ce iska ce ta shige shi, wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, wasu kuma suka ce halinsa ne ya fito da tsufa. Ba ta tanka wa kowa ba, ba ta kuma yarda ta raba ɗaki da shi ba duk da mun yi ta roƙonta. Umma, Allah ya biya ki da Aljanna.

Muna godiya ga maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ya fito ƙarfe uku da rabi na dare, ko takalmi bai tsaya nema ba, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai. Samarin layinmu huɗu sun ba da jini. Kawu ya tsaya kai da fata cewa ba za a kira mai ɗori ba, karayar ƙugun dattijo ta asibiti ce, kuma gaskiyarsa. 'Yan ƙungiyar teloli sun haɗa kuɗi sun kawo a ambulan ba tare da an roƙe su ba. Malam liman ya daɗe yana yi wa Baba addu'a da tofi, kuma tun bara yake ce mana, "Ku haɗa da asibiti." Mu ne muka yi ta jan ƙafa. Yaya babba ta kwana 19 a kan tabarma a gefen gadon asibiti. Ma'aikatan jinya na ɗakin ƙashi, musamman masu aikin dare, Allah ya saka muku da alheri.

Sai wata matashiyar likita da ta zo zagayen safe kwana biyu bayan tiyata. Ta tsaya tana kallon hannun Baba na dama a kan bargo, babban yatsa yana murza manuni a hankali. Mu mun daɗe muna ganin haka, mun ɗauka tasbihi yake yi ba carbi. Ta juya wajen Umma ta ce, "Mama, yaya aka yi ya faɗo? Yana faɗa cikin barci ne?" Umma ta yi shiru, sai hawaye. Shekara takwas ba wanda ya yi mata wannan tambayar da sigar neman sani.

Ita ta haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Shi kuma ya yi ta jero tambayoyi kamar a gidanmu ya girma. Yana jin ƙanshi? Rabon Baba da ya ji ƙanshin turaren wuta mun manta, har tsokanarsa muke yi. Bayan gida fa? Ya sha maganin basir iri-iri a kan taurin ciki. Rubutunsa ya ƙanƙance? Na ɗauko littafin awonsa daga shago, lambobin shafukan baya manya-manya, na kwanan nan kamar sawun tururuwa. Bayan ya gwada shi, ya kalli bidiyon da ƙanina ya taɓa ɗauka da waya cikin dare, ya ce cutar makyarkyata ce da ake kira Parkinson, kuma faɗan barcin nan shi ne sallamar da ta yi tun shekaru kafin ta shigo.

Yadda ya yi mana bayani ya zauna mini. Ya ce kowa ya san dannau. To, duk lokacin da mutum ya shiga barcin mafarki, wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana kashe masa jiki, ya bar numfashi da motsin ido kawai, don kada ya aikata abin da yake gani. Dannau shi ne ka farka wannan kullen bai sake ka ba tukuna. Na Baba kishiyar dannau ne: kullen ya lalace, mafarki yana tafiya, jiki yana bin sa.

A bakinsa na fara jin sunan Dakta Carlos Schenck, kuma zaman jinya ya ba ni lokacin bin tarihin aikinsa a waya. Likita ne a wata cibiyar binciken barci da ke Minneapolis, jihar Minesota a Amurka. A 1982 wani dattijo mai shekara 67 ya zo masa da rauni: ya yi mafarki yana buga ƙwallon Amurka, ya zabura a guje ya gwabza da durowar ɗakinsa. Tun a 1965 Michel Jouvet ya nuna a Faransa cewa in aka lalata wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwar kyanwa, za ta tashi cikin barci tana farautar abin da babu shi. Schenck da abokin aikinsa Dakta Mark Mahowald suka sa dattijon nan ya kwana a ɗakin gwaji da wayoyi a kai da gaɓoɓi, suka ga abin kyanwar Jouvet ne a jikin ɗan Adam. A 1986 suka wallafa bayanin marasa lafiya biyar, a 1987 kuma cutar faɗan barcin ta samu sunan da ake kiranta da shi a Turanci, REM sleep behavior disorder.

Abin da ya fi burge ni ba gano cutar ba ne, naci ne. Ba su sallami tsofaffin nan sun manta da su ba. A 1996 suka ba da rahoto a kan maza 29 da suke bibiya: 11 daga ciki, wato kashi 38 cikin 100, sun kamu da cuta dangin Parkinson. A 2013 suka sake waiwayar mutanen nan dai, 26 da aka samu bayaninsu, sai ga 21 sun kamu da ita ko da cutar mantuwa, kashi 81 cikin 100, kuma a matsakaici shekara 14 ke shiga tsakanin fara faɗan barci da bayyanar cutar. Daga baya, a 2019, wani bincike da Dakta Ronald Postuma na Montreal a Kanada ya jagoranta ya tattara mutum 1,280 daga cibiyoyi 24, ya ga kusan kashi 74 cikin 100 sun kamu cikin shekara 12. Mutum ya ɗauki shekara talatin yana sauraron matan da ke cewa "mijina yana duka na cikin barci, amma wallahi ba halinsa ba ne", ya yarda da su, ya rubuta. Da wannan rubutun aka wanke mahaifina a gaban danginsa. Dakta Schenck ba ya jin Hausa kuma ba zai ga wannan ba, amma Umma ta ce a sa shi a jerin.

Likita ya tambayi Baba abin da yake gani daren da ya faɗo. Ya ce ɓarayi ne suka haura katanga suka nufi inda Umma take, shi ne ya yi tsalle ya tare su. Likitan ya ce haka mafarkin masu wannan cuta yakan kasance, mutum yana kare matarsa a mafarki, a zahiri ita yake kai wa hannu. Umma ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka.

Ina da ɗan ciwo a rai, ba zan ɓoye ba. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana hana cutar isowa in faɗan barcin ya fara, don haka ko da mun sani da wuri, da ta zo. Amma da mun sauke katifa ƙasa tun shekara takwas da suka wuce, mun janye tebur daga gefen gado, da ƙugun nan bai karye ba. Maimakon haka wani mai kemis ya yi ta ba mu ƙwayar barci da ke sa Baba tangaɗi da safe. Na yafe masa, amma na daina sayen ko fanadol a wajensa.

Yanzu Baba yana shan levodopa a kan lokaci, rawar hannun ta lafa sosai, ana kuma ba shi melatonin da dare bisa umarnin likita. Katifa tana ƙasa, da filo dogo a tsakani. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, don da hantsi mai gashin ƙashi yake zuwa. Ya kuma ce in gaya wa masu ɗinki a shago su yi haƙuri, yaransa suna kai, amma wuyan riga ba wanda zai taɓa sai an kawo masa gida ya duba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.