Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya bayan la'asar aka sallamo Baba daga Asibitin Malam Aminu Kano, ya kwana a ɗakinsa a Gwammaja bayan kusan mako 3.

Ga masu tambayar abin da ya same shi, jini ne ya daina isa ƙafarsa ta hagu sosai. Ciwon suga da hawan jinin da ya daɗe da su ne suka tsuke jijiyoyin. Tun bara yake cewa kafin ya isa masallaci sha-raɓarsa take ɗaurewa, sai ya tsaya ya huta ta sake shi. Muka ce sanyi ne, muka yi ta shafa man zafi. Har ta kai ba ya iya barci sai ya sauko da ƙafar daga kan gado. Wannan sakacinmu ne, har yanzu yana cin raina. Sai da ciwon da takalmi ya ji masa a ƙaramin yatsa ya ƙi warkewa ya fara baƙi, sannan muka kai shi.

Ba zan manta da likitan da ya durƙusa gaban Baba yana laluben bugun jini a ƙafarsa ba. Ya ce ni ma in taɓa: ta dama da ɗumi, ta hagu sanyi ƙalau. Ya ce irin wannan toshewar ce ke kashe sashen zuciya, in kuma a ƙwaƙwalwa ta faru, ta shanye ɓarin jiki. An cire yatsan, Allah ya tsare ƙafar. Likita, Allah ya jiƙan magabata. Ma'aikatan jinya masu wankin ciwo safe da yamma ba tare da ƙyama ba, Allah ya biya ku.

Abokan kasuwar Baba na Kantin Kwari, kun haɗa kuɗin hoto da magani tun kafin mu buɗe baki. Matasan unguwa da suka ba da jini, maƙwabtan da kulolinsu ba su yanke ba, da mai adaidaita sahun da ya ƙi karɓar ko sisi a daren da muka tafi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Kawu, kai ka kwana a benci don Hajiya ta samu ta runtsa.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi, don da safe ake wanke ciwon. Don Allah a bar lemon kwalba, an hana shi. A ci gaba da sa shi a addu'a.