Tattaki zuwa Sukur a kan hanyar dutse

Ƙungiyarmu ta masu tattaki ta saba zagayen bayan gari a ƙarshen mako, amma da shigowar hunturu muka ɗaura aniyar hawa tudun Sukur da ke Ƙaramar Hukumar Madagali a Jihar Adamawa, cikin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a shekarar 1999.

Mota tana tsayawa ne a gindin dutse, daga nan kuma sai ƙafa. Yawancin abokan tafiyata hankalinsu yana kan fadar Hidi, wato sarkin Sukur, da ke can sama, amma ni hanyar kanta ce ta fi ɗaukar hankalina. Kakannin mutanen wurin ne suka shimfiɗa ta da faffaɗan duwatsu ba tare da siminti ba, inda hawan ya yi tsauri kuma suka jera su mataki-mataki, kuma har yau ita ce jama'a ke bi zuwa kasuwa. Muna haki muna neman inuwa, matan garin suna wuce mu da kaya a ka, suna yi mana sannu.

Dama da hagu gonaki ne hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutsen da ke tare ƙasa don kada ruwan damina ya kwashe ta. An riga an yanke dawa, sai kara. A nan jagoranmu ya nuna mana ragowar wuraren narka tama, domin ƙarfe ne ya ɗaukaka Sukur a da, har maƙwabta na nesa suna zuwa saye. Wannan arziki bai hana garin shan wuya ba, don kuwa Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sha kai masa hari a farkon ƙarni na 20, sannan a ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka hau suka ƙona gidaje.

Fadar kanta ginin dutse ce zalla, mai ƙofofi da rumbuna da rami na musamman inda ake turke bijimi a yi masa kiwo. Mun yi gaisuwa, mun huta, sannan muka juyo tun rana ba ta yi sanyi ba, saboda saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma babu mai son dare ya riske shi a wannan yanki.