Godiya ga yaranmu 'yan sa kai da suka raya dausayin wurin shaƙatawa

Assalamu alaikum warahmatullah.

A madadin kwamitin 'yan sa kai, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu har Allah ya nuna mana Asabar ɗin da ta wuce, ranar da aka yi wa dausayinmu yankan ciyawa na farko aka kuma tara iri. An taru lafiya, an watse lafiya, babu yaron da ya samu ko ƙwarzane. Alhamdu lillahi.

Kaso mafi tsoka na wannan godiya na yara ne, don haka a yi mini haƙuri idan na daɗe a kansu.

Wanda bai san wurin a da ba, zai yi wuya ya gane abin da suka yi. Wani kwari ne a can ƙarshen filin, inda ruwan sama ke taruwa ya kwanta. Injin yankan ciyawa ba ya iya shiga sai ya maƙale, iska kuma tana kwaso ledoji da robobi ta jibge a wurin. Shawarar da ke kan tebur ita ce a cike shi da ƙasa a daddaɓe, a huta. Da muka roƙi a ba mu shi mu mayar da shi dausayi na tsirran asalin yankin, manya da yawa sun ce to, Allah ya taimaka, suka wuce. Yara ne suka zo da takalman roba.

'Ya'yana, kun kwashe shara buhu bayan buhu kafin a ga ƙasar wurin. Sannan kuka ɗauki shebur da baro kuka shiga aikin da ya fi ba ku mamaki, wato kankare baƙar ƙasar sama mai taki a kai ta wani wuri. Ina tuna tambayar da wani daga cikinku ya yi, yana haki, cewa yaya za a ce za a yi shuka amma a kwashe ƙasa mai kyau? Tambaya ce ta mai hankali, kuma Malamar kimiyyar tsirrai da ke taimaka mana ta ba shi amsar da har yau kuke maimaitawa. A Rothamsted ta ƙasar Ingila akwai wani filin ciyawa da masana suka yanka gida-gida tun shekarar 1856, wasu gidajen ana zuba musu taki, wasu ba a zubawa, kuma har yanzu ana ƙirga abin da ke fitowa. Inda ba a zuba taki ba ana samun irin tsiro sama da 30, amma a wasu gidajen da suka sha takin zamani sai a tarar da iri biyu ko uku kawai. Taki yana ƙarfafa 'yan ciyayi masu saurin girma, su yi tsawo su rufe rana, ƙananan furanni su mutu a ƙarƙashinsu. Daga ranar babu wanda ya sake kawo maganar taki, sai ma ku kuka koma kuna yi wa iyayenku bayani.

Kun gyara gaɓar wurin ta zama gangare mai sauƙi, babu rami mai zurfi ko ɗaya. Wannan ya yi amfani ta fuska biyu. Ƙaramin yaro ba zai zurma ba, kuma kowane tsiro ya samu irin damshin da yake so: masu son ƙafarsu cikin ruwa a tsakiya, dangin jiji da sauran ciyayin fadama a inda ƙasa ke jiƙe kullum, furanni kuma a sama inda ruwa ke zuwa ya janye. Ku kuka gano iyakokin nan da kanku, ta hanyar fitowa bayan an ɗauke ruwa kuna kafa tsinke a duk inda ruwan ya tsaya.

Iri ma ba saya aka yi ba. Da izinin masu wurin, kun bi Malama zuwa wata tsohuwar fadama da ba ta da nisa, kuka tsinko iri kaɗan-kaɗan, ba ku taɓa ƙwaƙule tsiro ɗaya gaba ɗaya ba, don a bar wa wurin nasa rabon. Kuka rene su a gwangwanaye da tsofaffin robobi a gidajenku. Na san akwai iyaye mata da suka yi watanni suna kewaye gwangwanayen nan a bakin ƙofa ba su ce uffan ba. Allah ya saka muku, iyayenmu.

Akwai ranar da wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya zo da bokiti cike da wani tsiro mai yawo a kan ruwa, mai furanni shuɗi-shuɗi gwanin kyau, ya ce kyauta ce ya kawo wa yara. Ban kai ga buɗe baki ba wata yarinya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, mun gode ƙwarai, amma wannan ba ɗan nan ba ne, idan ya shiga zai cinye wurin." Gaskiya ta faɗa. Asalin tsiron daga Kudancin Amurka yake, yana iya ninka kansa cikin kamar mako biyu, kuma shi ne ya shiga Tafkin Victoria a ƙarshen shekarun 1980, ya zo ya toshe tashoshin jiragen ruwa irin ta Kisumu, masunta suka rasa hanyar fita da kwale-kwalensu. Dattijon bai ji haushi ba. Shi da kansa ya shanya tsiron a kan siminti har ya bushe, kuma tun daga lokacin yake zuwa taya mu aiki. Baba, mun gode da wannan dattaku.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba ranar shuka ba ce. Ranar shuka kowa yana zuwa, ana ɗaukar hoto, ana raha. Bayanta ne aka shiga watannin da wurin ba shi da kyan gani ko kaɗan, laka ce da 'yan tsirarun ganye, sai baƙin ciyayi da ke rige-rigen fitowa. Masu wucewa suna cewa an bar yara suna wasa da taɓo. A cikin waɗannan watanni ne kuka riƙa zuwa, ba mai kallo, ba mai tafi, kuna tsugune kuna bambance ɗan gida da baƙo a tsakanin tsirran da ba su wuce tsawon yatsa ba. Da aka yi ɗan fari kun yi layi da bokitai. Wasu tsirran sun mutu duk da haka, kuka sake renon wasu. Yaro ya jure aikin da sakamakonsa ba ya fitowa yau ko gobe, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina manya da yawa ba za su jure ba. Saboda wannan ne na ce godiyar taku ce kafin ta kowa.

Ina gode wa ƙaramin cikinku, mai sandar awo. Ya samu gora ya yi mata zane-zane da fenti, ya kafa ta a tsakiyar kwarin, duk zuwa sai ya duba inda ruwa ya kai ya rubuta a littafi da babban rubutunsa mai karkata. Littafin nan ya jiƙe ya bushe har gefensa ya nannaɗe, amma da shi muka nuna wa hukumar wurin cewa bayan ruwa mai ƙarfi dausayin yana riƙe ruwan ya sake shi a hankali kamar soso, maimakon ya kwarara kan hanyar masu tafiya a ƙasa kamar da.

Iyaye, damuwarku ta farko sauro ce, kuma kuna da gaskiya da kuka tambaya. A lokacin zafi sauro na buƙatar ruwa mai tsayuwa na kamar mako guda zuwa kwana 10 kafin ƙwai ya zama mai cizo. Shi ya sa aka tsara yawancin wurin yadda ruwan sama zai nutse cikin 'yan kwanaki, ɗan gurbin da ke riƙe ruwa kuma aka bar shi ga masu cin tsutsar sauro. Babbansu shi ne ɗan mazari, wanda ke rayuwa a cikin ruwa watanni, wani irin ma shekaru, yana farauta kafin ya yi fiffike. Wata safiya wata yarinya ta ƙwala mana kira, muka tarar da ita ta ƙura wa wani karan ciyawa ido. Saɓar mazari ce maƙale a jiki, fanko, ruwan ƙasa, bayanta a tsage inda ya fito, ƙafafun shida har yanzu riƙe da karan. Ta ɗauke ta a hankali ta sa a kwalin ashana, aka riƙa zagayawa da ita hannu zuwa hannu. Wannan ce shaidarmu ta farko cewa an haifi wani abu a wurin, ya girma a wurin. Bayan haka talibambam, wato 'ya'yan kwaɗi, suka cika gurbin, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suka samu furanni, har zalɓe ya fara sauka da sassafe. Mun gode da kuka amince mana da 'ya'yanku, kuka kuma tsaya a kan dokokin da muka gindaya: ba shiga ruwa ba takalmi, ba aiki ba safar hannu, ba yaro a wurin sai da babba, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abin ci.

Ma'aikatan wurin shaƙatawa, ku ma kun yi abin da ba shi da sauƙi. Mutumin da aikinsa shi ne ya ga ciyawa ta kwanta lif, a ce masa ya kewaye wani yanki ya bar shi ya yi tsawo, alhali shi za a fara zargi da lalaci, ai an ɗora masa nauyi. Kun ɗauka, har kuka riƙa yanke siririyar hanya a gefen dausayin don mai wucewa ya gane da gangan aka bar shi. Baba mai gadi kuma, wanda ya riƙa ajiye mana kayan aiki yana kuma korar masu zubar da shara da dare, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malama, ba mu da abin biyanki. Kin koya wa yaran nan kallon tsiro da kyau, su taɓa kara su ji ko mai kusurwa uku ne ko mulmulalle, su shinshina ganye, su zana abin da suka gani kafin su tambayi sunansa. Ke kika shirya su a ranar 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya, suka tsaya gaban iyayensu suka yi bayanin cewa a irin wannan rana ce a 1971 aka sa hannu kan yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran, kuma rahoton da ofishin yarjejeniyar ya fitar a 2018 ya nuna duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya ninka na ɓacewar dazuzzuka sau uku. Na ga iyayen da suka yi shiru da jin haka. Ɗan wurinmu ba zai cike wannan giɓi ba, kowa ya sani, amma yaran da suka karanta alƙaluman nan da laka a farcensu suka karanta su. Shugabannin makarantun da suka ba da dama, da malaman da suka sadaukar da ranakun hutunsu suna rakiya, muna godiya.

Game da yankan ranar Asabar, wasu baƙi sun yi mamakin ganin an sa lauje a abin da aka sha wahalar renonsa. Haka ake riƙe irin wannan fili. Ana jira sai furanni sun zubar da iri, a yanke, a bar ciyawar ta ɗan sha iska don sauran irin ya kakkaɓe, sannan a kwashe ta gaba ɗaya. Idan aka bar ta ta ruɓe a wurin ta zama taki, an koma gidan jiya. Idan kuma ba a yanka sam, ƙaya da ƙananan itatuwa za su mamaye. A Birtaniya, inda aka daina wannan tsohon tsari aka koma noman zamani, an yi asarar kusan kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji tun daga shekarun 1930. Manya ne suka riƙe lauje, yara suka bi da manjagara da baro, bayan sun fara ratsa ciyawar a hankali suna tafa hannu don kwaɗi su matsa. Wani yanki an bar shi a tsaye da gangan, mafakar ƙwari ce har zuwa baɗi.

Yaba kyauta tukuici. Waɗanda suka ba da aron baro, shebur da manjagara, da wanda ya kawo takalman roba ya ce kada a ambaci sunansa, da ma'aikaciyar jinyar da ta zauna da akwatin taimakon gaggawa tun safe har aka tashi, da matasan da suka ɗauki aikin da ya fi ƙarfin yara, Allah ya saka wa kowa da alheri. Har waɗanda suka soki aikin a farko ina gode musu da zuciya ɗaya, domin tambayoyinsu ne suka sa aka rage zurfin gurbin ruwan aka kuma kafa allon sanarwa.

Roƙo biyu gare mu ga masu ziyara. Don Allah kada a saki kifi a gurbin, domin zai cinye talibambam da 'ya'yan mazari. Kada kuma a juye ruwan tankin kifin ado ko tsirransa a wurin, ta nan baƙin tsirrai ke shigowa.

Irin da aka tara yana shanye a inuwa cikin buhunan takarda, kowanne da sunan tsiron da ranar da aka tsinke shi. Idan ya bushe za a kira yara su murje su tankaɗe, a raba biyu: kashi ɗaya ya koma inda ƙasa ta yi sanƙo a dausayinmu, ɗayan kuma a ba yaran wani wurin shaƙatawa da suka zo ranar Asabar suka ce su ma suna da kwarin da ruwa ke kwanciya. Yaranmu sun ce za su je su nuna musu yadda ake kafa tsinke bayan an ɗauke ruwa, don haka muna neman manya da za su raka su. Mai hali ya sanar da kwamiti.

Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya raya mana su. Wassalam.