Kunne da tocila kafin sukundireba

Sana'ar maigidana a unguwar Nima ta Akra gyaran agogo ce, amma masu tsofaffin kyamarori, irin masu zugazugi da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle, wurinmu suke kawo su. Ba abin mamaki ba ne, don shotar Compur ko Copal da ke idon kyamarar, wato ƴar ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga, kayan agogo ce zalla: ƙananan haƙora, sifirin, da ɗan inji mai ja wa lokaci birki.

Abin da ya fi zauna mini shi ne maigida ba ya ɗaukar sukundireba sai ya saurara. Zai saita shota a daƙiƙa ɗaya, ya kara a kunne, ya danna. Lafiyayya ƙararta sumul take tafiya har ta rufe. Wadda tsohon giris ya daskare mata kuwa sai ta ja ta tsaya, ta ja ta tsaya. "Yaro, ai ta faɗa maka ciwonta," in ji shi. Maganinta wanki ne, ba ƙarin mai ba. Ganyen shota a bushe suke aiki, ɗigo ɗaya ya isa ya manne su, kuma yawancin waɗanda ke zuwa mana a mace wani mai son taimako ne ya tsiyaya musu man keke.

Zugazugi shi ma ba a yanke masa hukunci da rana. Sai a kashe wuta, a miƙe shi, a zura tocila ciki, a bi kusurwoyin ninki ɗaya bayan ɗaya. Huda kamar tsinin allura ta isa ta ɓata fim mai inci 4 da 5, ga shi daga waje ake odarsa, kowane falle hoto ɗaya tak.

Sauran ɓarnar ta garin ce. Danshin Akra, balle wajen Jamestown inda gidan hoto na Deo Gratias yake tun 1922, shi ke shuka fumfuna a gilashi, in ta daɗe ta ci shi. A ganina mai kulle kyamara a jakar fata ya fi mai amfani da ita cutar da ita.

Wata kyamara Speed Graphic ta Amurka ta zo, shota lafiya, zugazugi lafiya, amma hoto dishi-dishi. Maigida ya shafa gilashin baya, wanda ake saita hoto a kansa, da yatsa, ya ce an juya shi. Ɓangaren mai kaushi ne ya kamata ya fuskanci idon kyamara, daidai inda fim zai zauna. Ya mayar da shi, ya ce wa mai ita, "Alhaji, ba da na koko kawai."