Gatari da mai sara

A cocinmu na Garwa muna karatun Littafi Mai Tsarki duk Laraba da yamma, kuma wannan watan muna kan Ishaya sura 10. Allah ya mai da Assuriya sandan horonsa, amma sarkinta ya ɗaga kai, wai da ƙarfin hannunsa ya ci ƙasashe. Sai annabin ya tambaya ko gatari zai yi wa mai sara da shi fahariya.

Wata dattijuwa da Boko Haram suka raba da ƙauyensu a wajajen Kolofata ta ce mini, "Ɗana, sake karanta wurin." Na sake. Ta goge ido da bakin mayafinta.

Ni kuwa ƙarshen Nineba, babban birnin Assuriya, ne ya fi girgiza ni. Birni mai ganuwa da fadoji, wanda Sennakerib sarkin Assuriya ya ƙawata. A shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu, Babiloniyawa da Mediyawa suka rushe shi, yadda annabi Nahum ya faɗa. Ƙasa ta binne shi, sai a ƙarni na 19 aka tono kangonsa daura da Mosul a Iraƙi. Ita Babilar ma, Sairus na Farisa ya karɓe ta a 539 kafin haihuwar Almasihu.