Yadda na fara tallata kaya a intanet da waya ɗaya

Mutane na yawan tambayata wai ta ina na fara, to gaskiya da shagon yayata na fara. Tana sai da atamfa da leshi, a Kantin Kwari take sarowa, ni kuma na ce ta bar min hotunan in gwada. Waya ɗaya ce dani a lokacin, ko kwamfuta babu.

Farkon abin da na yi shi ne na buɗe mata WhatsApp Business, wato WhatsApp na 'yan kasuwa, na zuba kayan a katalog, wurin jera hotunan kaya, da farashin kowanne, don ba abin da ke korar kwastoma kamar "shigo inbox ka ji kuɗi". Sai Facebook da Instagram. Karon farko da na biya kuɗin talla na saki abin ga duk Najeriya, aka yi ta danna like amma ko yadi ɗaya ba a saya ba, wallahi raina ya ɓaci sosai ranar don kuɗinta ne ba nawa ba. Da na koma na zaɓi mata kawai, mazauna Kano da kewaye, na kuma sa talla ta kai mutum kai tsaye WhatsApp, sai saƙonni suka fara shigowa.

Darasin kyauta na Meta Blueprint, shafin koyar da talla na kamfanin da ke da Facebook, ya taimaka min, cikin dare nake bi saboda data ta fi sauƙi. Da manhajar Canva nake haɗa hoto, bidiyo kuma da manhajar CapCut. Yanzu shaguna 3 nake riƙe wa shafi, kuma na ukun ma yayata ce ta haɗa mu.