Yadda na samo abincin da ya karɓi cikin feret ɗinmu

Feret ba dabbar da aka saba gani a gidajenmu ba ce. Dangin bodari ne, dogo siriri mai gajerun ƙafafu, sai dai shi an daɗe da mayar da shi dabbar gida a Turai. A nan arewacin Ingila inda nake zaune da iyalina, tun kaka da kakanni ake tura shi ramin zomaye ya koro su waje, yanzu kuwa yawanci don sha'awa ake ajiye shi. Namiji yakan kai kilo 1 zuwa 2, mace ba ta cika wuce kilo 1 ba. Guda biyu muka karɓo daga wani gidan kula da dabbobin da aka yasar, mace da namiji, duka sun riga sun girma. Macen duk abin da aka ba ta sai ta ci ta kwana lafiya. Namijin, wanda 'yata ta raɗa wa suna Dogo, shi ne mai lalurar ciki, kuma a kansa na koyi duk abin da zan faɗa.

Mai kiwon feret dole ya saba da duba kashi, ba ƙyama. Na mai lafiya dogo ne, ruwan ƙasa, da laushi amma a haɗe. Na Dogo wata rana ruwa-ruwa, wata rana da yauƙi har da kore-kore, mafi yawan lokaci kuma da wasu 'yan ƙwayoyi kamar an watsa gero a ciki. Waɗannan ƙwayoyin alama ce ta abincin ya wuce bai narke ba, wato yana ci amma jiki ba ya amfana. Gashinsa ya yi kaushi, in ka ɗaga shi sai ka ji ƙashin bayansa a tafin hannunka. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don dabba ce mai son wasa, sai ga shi ya fi son kwanciya.

Kafin in taɓa abincinsa na kai shi asibitin dabbobi, wajen likitar da ta san ƙananan dabbobi irin waɗannan, don ba kowane likitan karnuka da kyanwoyi ne ya ƙware a kansu ba. Ta lallatsa cikinsa a hankali, ta duba dasashinsa, ta karɓi kashin don gwaji. Ta ce mini, "Gudawa a feret ba cuta ɗaya ba ce. Sai mun tabbatar ba wani abu ne ya toshe hanji ba, ba gyambon ciki ba ne, sannan mu zo kan maganar abinci." Daga bakinta na ji cewa suna da son tauna roba da soso su haɗiye, kuma toshewar hanji na iya kashe su cikin ɗan lokaci. Akwai ƙwayar cutar Helicobacter mustelae da ke zaune a cikin yawancinsu, wadda kan haddasa gyambo in jiki ya yi rauni. Alamarta baƙin kashi mai danƙo da gurza haƙora. Akwai kuma wani nau'in korona na feret mai kawo koren zawo, da kumburin hanji mai daɗewa. Gwajin Dogo bai nuna tsutsa ko toshewa ba, sai zargi ya koma kan abin da yake ci.

A nan ne na fahimci halittarsa. Feret maci nama ne zalla. Hanjinsa gajere ne, ba shi da ɓangaren nan da dabbobi masu cin ciyawa ke narkar da tsirrai a cikinsa, kuma abinci kan shiga ya fita cikin awa 3 zuwa 4 kacal. Cikin wannan ɗan lokaci, abin da jikinsa zai iya tatsa nama ne da kitse. Masara, alkama, shinkafa, dankali, duk lodi ne kawai. Da na koma gida na juya ledar busasshen abincin da aka haɗo mu da shi, sai na ga hatsi ne na biyu da na uku a jerin kayan haɗin. A irin wannan jeri abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, don haka sunaye ukun farko sun ishe ka sanin gaskiyar abinci. Abin da likitoci ke nema a busasshen abincin feret shi ne furotin na dabba kashi 30 zuwa 40 cikin 100, kitse kashi 15 zuwa 20, faiba kuma, wato zaren tsirrai da ba ya narkewa a ciki, kada ta wuce kashi 3 ko kusa da haka.

Na so in sayi wanda aka rubuta "babu hatsi" a jikinsa, amma da na karanta sai na tarar an cire hatsin an cika gurbinsa da koren wake na Turawa. Likitar ta gargaɗe ni cewa an sha ganin tsakuwar mafitsara a feret ɗin da ke cin abinci mai yawan irin wannan wake. Ni dai a ganina rubutun gaban leda talla ne, tsadar abinci kuma ba ta nuna ya dace da cikin dabbarka. Sukari ma abin gudu ne, domin in suka manyanta sukan kamu da ƙari a gaɓar da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini), sukarin jininsu ya riƙa faɗuwa, kuma masana da dama na zargin abinci mai zaƙi da sitaci da hannu a ciki.

Sauya abincin ya fi sayensa wuya. Feret yana kafa ra'ayinsa kan abin da ake kira abinci tun yana 'yan watanni, abin da bai sani ba a lokacin sai ya ƙi ɗaukarsa a matsayin abin ci. Ranar farko da na ajiye wa Dogo ɗanyen nama, ya sunsuna ya juya baya. Kuma ba a horar da shi da yunwa, ba a cewa in ya ji wuya zai ci, don mai gajeren hanji ba ya jure dogon rashin abinci. Sai na riƙa jiƙa tsohon abincinsa da ruwan ɗumi, in niƙa ɗan nama in gauraya ya zama ruwa-ruwa, in ɗora shi a cinyata, in lakato da ɗan yatsa in shafa masa a dasashi. Zai lashe don ya share bakinsa, ya yamutsa fuska, ya sake lashewa. Daga yatsa muka koma cokali, daga cokali zuwa kwano, ina ƙara nama ina rage busasshen. Abin ya ɗauki makonni. Duk ranar da kashin ya ɓaci, sai in tsaya a gwargwadon jiya har ya daidaita.

Da kaza na fara, don ita ce mai araha, kuma da ita kusan kowa ke farawa. Hatsi ya fita daga abincinsa, yauƙin ya ragu, amma ƙwayoyin nan ba su tafi ba. Likitar ta ce in gwada nama guda ɗaya tak, wanda bai taɓa ci ba, na tsawon makonni, ban da komai, ko ɗan abin lasa. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi farautar zomo da feret tun yana saurayi, shi ya riƙa kawo mini zomo. Ina daskarar da shi a firiza na wasu makonni kafin in ba da, saboda naman dawa ne. Na sami ɗan littafi ina rubuta abin da ya ci da yadda kashin ya fito. A kan zomo cikinsa ya lafa sarai. Da na dawo da kaza don tabbatarwa, washegari matsalar ta dawo. Daga nan na gane dalilin da ya sa canjin busasshen abinci ba zai taɓa yi masa magani ba: kusan duk na kasuwa akwai naman kaza ko kitsenta a ciki, har wanda aka zana kifi ko agwagwa a ledarsa. Bayan haka na gwada sauran ɗaya bayan ɗaya. Rago ya karɓe shi, agwagwa ma haka, salwa ma. Talotalo kuwa sai kaɗan-kaɗan.

Tsoka kaɗai ba abinci ba ce, wannan ina so mai karatu ya riƙe shi da kyau. A dawa, dangin feret suna cinye abin da suka kama ne gaba ɗaya, da ƙashi da kayan ciki. Ƙa'idar da masu ba da ɗanyen nama ke bi ita ce kusan kashi 80 tsoka haɗe da zuciya, kashi 10 ƙashi, kashi 10 kayan ciki, rabinsu hanta. Zuciyar rago da ƙoda da hanta a wajen mahaucin unguwarmu nake saye, ƙashi kuma daga haƙarƙarin zomo da wuyan agwagwa da salwa. Ƙashin ɗanye ake bayarwa, dafaffe yana tsagewa ya huda hanji. Kowanne da alamarsa a kashi: hanta ta yi yawa, sai ya yi duhu ya saki, ƙashi ya yi yawa, sai ya fito fari-fari a bushe. Ga mai ciki irin na Dogo, na ga ya fi kyau in raba hantar 'yar kaɗan a kowane kwano maimakon in ba shi ita a zama ɗaya. Wanda ba shi da lokacin wannan lissafi, gara ya nemi busasshen abinci mai kyau da ya riƙa ba da tsoka zalla, don rashin ƙashi a abinci zai raunana ƙashin dabbar.

Akwai wata ɗabi'a tasu da ta kusa rikita mini lissafi. Feret ɓoyau ne. Zai ɗauki yankan nama a baki ya ruga da shi bayan kujera ko cikin bargonsa, ya ajiye don gobe. Wani lokaci cikin Dogo ya ɓaci ba tare da na canza komai ba, sai wari ya kai ni ga wani yanki da ya kwana biyu a ƙarƙashin kabad, an ci rabinsa. Tun daga nan a cikin wani akwati mai ƙaramar ƙofa nake ba su abinci, inda suke jin sun ɓuya, kuma kullum da dare ina bin lungunan da na san suna ajiya. Tsafta a nan ba wasa ba ce, ɗanyen nama na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ga yara a gida. Wuƙarsu daban, katakon yankansu daban, kwano a wanke da ruwan zafi bayan kowane ci.

'Yata ce ta fi shan wahalar dokar. Takan ce, "Baba, dubi yadda yake kallona, ko ɗan dabino in ba shi?" Sai in ce a'a, uwata, tausayin da za ki yi masa shi ne ki hana shi. Za su lashi madara da marmari amma ba sa iya narkar da ita, zawo take sa su. Inabi, zabibi, albasa da cakulan kuwa haɗari ne gare su. Abin da na bar mata ta riƙa ba shi da hannunta shi ne 'yan ɗigon man kifin salmon, da ƙwan salwa lokaci-lokaci, musamman sa'ad da suke zubar da gashi suna haɗiyarsa wajen lasar jiki.

Duk mako ina ɗora shi a sikelin kicin in rubuta nauyinsa. Sukan yi ƙiba sosai gab da hunturu su zube in sanyi ya wuce, wannan ba ciwo ba ne, amma sai kana da rubutun baya za ka bambance ramar yanayi da ramar cuta. Yanzu gashin Dogo ya yi laushi, yana tsalle-tsallensa, kodayake har yau cikinsa kan motsa in an yi baƙi da yawa ko an sauya masa wurin kwana. Irin wannan nakan ba shi kwana ɗaya a kan zomo zalla in sa ido. In kuwa na ga baƙin kashi, ko amai, ko ya ƙi ci, ko yana yunƙuri ba abin da ke fita, ba na jiran gobe, asibiti muke tafiya a ranar.